Kalmar "crossbar": ba turke ba ce, sandar da aka gitta ce

Wani matashi da ya soma aikin fassarar labaran wasanni ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, kullum ina jin masu sharhin ƙwallo suna cewa crossbar, ni kuma ina fassara ta da turke. Sai ga shi na sake cin karo da ita a takardar bayanin harhaɗa keke, na kuma gan ta a wani darasin zanen haruffa. Kalma ɗaya ce, ko kama ce kawai? Kuma mene ne sunanta da Hausa?"

Ɗan'uwa, kalma ɗaya ce, kuma ma'anarta ɗaya ce a duk wuraren nan uku. Abin da ya rikita ka shi ne kana neman sunan wani abu, ita kuwa kalmar matsayi take faɗa. Gaɓa biyu aka haɗa. Ta biyun, wato bar, tana nufin duk wani abu dogo, miƙaƙƙe, mai tauri, na ƙarfe ne ko na katako. Ta farkon, cross, asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin gicciye, kuma idan ta zo a gaban wata kalma tana nuna cewa abin yana kwance ne a gicciye. Ka haɗa su, sai ka sami sanda da aka gitta tsakanin abubuwa biyu da suke tsaye. Kalmar ba ta gaya maka da me aka yi sandar ba, ba ta gaya maka girmanta ba. Tana iya kai mita 7, tana iya zama ɗan layin da alƙalami ya ja. Ka je ka kwance ƙarfen saman ragar ƙwallo ka jingine shi a bango, daga wannan lokacin ya tashi daga crossbar, ya koma bututun ƙarfe kawai.

Daga nan za ka ga inda fassararka ta ɗan kauce. Turke a Hausa abu ne da ake kafawa a ƙasa, ya tsaya da ƙafarsa, a ɗaure masa dabba. Shi ya sa sunan ya zauna daram a kan sandunan raga biyu na gefe, waɗanda Turawa ke kira post. Na saman kuwa ba a kafa shi ba, ɗora shi aka yi. Na san masu sharhi da yawa suna cewa "ta daki turke" ko da na sama ƙwallon ta buga, kuma a cikin zafin wasa ba wanda zai tsayar da su. Turawa ma suna da wata kalma guda da suke lulluɓe sandunan uku da ita, mai nufin katako, ko da yake yanzu da gorar ruwa ake yin yawancinsu. Amma a rubutu, inda mai karatu bai ga wasan ba, bambancin yana da nauyi. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon. Na fassara wani rahoto na ce ƙwallo ta daki turke ta faɗo a kan layi, sai wani dattijo da ya karanta ya tambaye ni yadda za a yi abu ya daki sandar da ke tsaye sannan ya faɗo ƙasa tsaye kamar an sako shi daga rufi. Ban sami abin ce masa ba. Tun daga ranar nake rubuta "ƙarfen saman raga" a ambaton farko, daga baya in riƙa cewa "ƙarfen sama". Wasu suna cewa "sandar saman raga", shi ma daidai ne.

Tunda a ƙwallo ka fi jin ta, bari mu ɗan zauna a nan.

Da farko babu ita. Dokokin da hukumar ƙwallon Ingila ta rubuta a 1863 sun ce a kafa turaku biyu da tazarar yadi 8, kuma an ci idan ƙwallo ta wuce tsakaninsu komai nisan da ta yi sama. Ka yi tunanin gardamar da za a sha: ƙwallo ta tashi can sama da kan kowa, wannan ya ce ta ciki ta bi, wancan ya rantse ta waje ta bi. A 1866 aka ce a ɗaura wani tsiri na ƙyalle daga turke zuwa turke a tsawon ƙafa 8. Da irin wannan tsirin aka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko, tsakanin Sikotilan da Ingila a Glasgow a 1872, wanda aka tashi babu ci. Sai dai ƙyalle yana lanƙwashewa, iska tana kaɗa shi, kuma idan ƙwallo ta taɓa shi ba ka iya cewa ta sama ta bi ko ta ƙasa. A 1875 aka yarda wanda ya ga dama ya sa sanda mai tauri, sannan taron hukumomin ƙwallo huɗu na Birtaniya a Manchester a 1882 ya tsayar da cewa sandar ce dole. Ragar kanta daga baya ta zo: wani injiniya ɗan Liverpool, John Alexander Brodie, ya ƙirƙiro ta, kuma a 1892 aka fara amfani da ita a wasan ƙarshe na kofin FA, wato kofin hukumar ƙwallon Ingila. Abin dariyar shi ne mu a Hausa da ragar muke kiran wurin gaba ɗaya, alhali ita ce autarsu, kuma dokar wasa ba ta ma tilasta a sa ta ba. Ƙarfen sama kuwa in babu shi babu wasa.

Awon bai canza ba tun lokacin tsirin ƙyalle. Daga ƙasa zuwa gefen ƙarfen na ƙasa mita 2.44 ne, wato ƙafa 8. Tsakanin turakun mita 7.32, wato yadi 8. Kaurin ƙarfen da na turakun dole ya zama ɗaya, kada ya wuce santimita 12, kuma fari za a shafa musu. Waɗannan lambobi masu ɗigo-ɗigo da kake gani, awon Ingila ne aka juya zuwa mita, shi ya sa ba su cika cif ba. Idan ƙarfen ya karye ko ya goce ana tsakiyar wasa, alƙali zai tsayar da wasa har a gyara. Doka ta hana a maye gurbinsa da igiya, kuma in gyara ya gagara to wasa ya watse ke nan.

Akwai wasu ƙananan hukunce-hukunce da ya kamata mai fassara ya sani, don kada ya rubuta abin da ba zai yiwu ba. Ƙwallon da ta daki ƙarfen sama ta dawo fili tana nan cikin wasa. Amma a bugun fenariti, wanda ya buga ba shi da ikon sake taɓa ta idan daga ƙarfen ta dawo masa kai tsaye, sai wani ɗan wasa ya taɓa tukuna. In ya taɓa, an ba abokan hamayya bugun tazara. Idan kuwa ta daki ƙarfen ta faɗo ta bugi bayan mai tsaron raga ta shige, ci ne, ko da a bugun raba gardama ne. An kuma hana mai tsaron raga ya riƙa taɓa ƙarfen ko girgiza shi don ya ɗauke hankalin mai bugu. Sannan ga abin da ke ba magoya baya haushi: manyan masu ƙididdigar wasa ba sa lissafa bugun da ya daki ƙarfe ya fita a cikin waɗanda suka nufi raga. A wurinsu ɓarar da ƙwallo ne, daidai da wanda ya cilla ta cikin 'yan kallo.

Dalilin da ya sa na dage a kan raba shi da turke shi ne ƙarfen sama yana da wata irin fitina tasa. Ƙwallon da ta daki cikinsa na ƙasa da ƙarfi takan faɗo kusan tsaye, tana juyi, ta taɓa ƙasa a kan layi ko ɗan bayansa, sannan juyin ya watso ta waje. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Doka kuma ta ce sai ƙwallon gaba ɗayanta ta ƙetare layin gaba ɗayansa. A ranar 30 ga Yuli 1966, a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a Wembley, Ingila da Jamus ta Yamma suna 2 da 2 a ƙarin lokaci, Geoff Hurst na Ingila ya buga, ƙwallon ta yi daidai wannan abin. Alƙalin wasa Gottfried Dienst, ɗan Suwizalan, bai gani da kyau ba, ya je wurin mataimakinsa Tofiq Bahramov, ɗan Azarbaijan, shi kuma ya nuna an ci. Ingila ta ɗauki kofin da ci 4 da 2. Har yau Jamusawa ba su yarda ba, sun ma mai da sunan Wembley sunan duk wata ƙwallo irin wannan. Shekara 44 bayan haka reshe ya juye da mujiya. A Bloemfontein, a gasar 2010, Jamus tana gaban Ingila da 2 da 1, Frank Lampard na Ingila ya buga, ƙwallon ta daki ƙarfen sama ta sauka a fili a bayan layi, duk duniya ta gani a talabijin, alƙali da mataimakinsa ne kawai ba su gani ba. Jamus ta ci 4 da 1. Wannan kuskuren yana cikin abubuwan da suka karya taurin kan masu tsara dokoki: a 2012 aka amince da na'urar da ke sa ido a kan layin raga, wadda ke aika saƙo agogon hannun alƙali cikin daƙiƙa ɗaya, kuma aka yi amfani da ita a gasar 2014 a Barazil.

A wannan gasar ta 2010 ɗin dai, kwana biyar bayan ta Lampard, ƙarfen ya yi wata ɓarnar da ba gardama a cikinta, sai ciwo. Ghana da Uruguay a Johannesburg, 1 da 1, daƙiƙar ƙarshe ta ƙarin lokaci. Luis Suárez ya tare ƙwallo da hannu a kan layi, aka ba shi jan kati, aka ba Ghana fenariti. Da Asamoah Gyan ya ci, da Ghana ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ya buga, ƙwallon ta daki saman ƙarfen ta tashi. Ka duba bambancin: ta Lampard cikin ƙarfen na ƙasa ta buga, ta Gyan bayansa na sama. Kauri ne na santimita 12 ya raba su. In ka rubuta "turke" a duka biyun ka shafe labarin. Haka a wasan ƙarshe na 2006 a Berlin, tsakanin Faransa da Italiya, fenaritin Zidane na Faransa ta daki ƙarfen sama ta faɗo ciki aka ba shi, ta abokin wasansa Trezeguet a bugun raba gardama ta daki ƙarfen ta faɗo ba ta ƙetare layi ba, Italiya ta tafi da kofi.

Siffar ƙarfen ma an yi rigima a kanta. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1976, a filin Hampden da ke Glasgow, sandunan ragar masu kusurwa huɗu ne. Saint-Étienne ta Faransa ta daki ƙarfen sama sau biyu, bugun Dominique Bathenay da wadda Jacques Santini ya sa wa kai, sannan Bayern Munich ta ci ɗaya ta tafi da kofin. Magoya bayan Saint-Étienne sun yi imani da cewa da zagayayye ne da ƙwallon ta zame ta shiga. Ko haka ne ko ba haka ba, a 2013 ƙungiyar ta sayi waɗannan sandunan ta ajiye a gidan tarihinta. Ni dai ban san wani misali da ya kai wannan na mutum ya sayi abin da ya ci shi ya rataye a ɗaki ba.

Za ka kuma ci karo da kalmar a sunan wani wasan nishaɗi da 'yan ƙwallo ke yi bayan atisaye, inda ake tsayawa daga nesa a yi ta ƙoƙarin dukan ƙarfen da gangan. A nan dukan ƙarfen shi ne nasara. Ka ce "gasar dukan ƙarfen sama", kowa zai gane.

A sauran wasanni sandar tana nan, aikinta ne ke juyawa. A ƙwallon hannu tana mita 2 daga ƙasa, a ƙwallon gora mita 2.14, kuma a duka biyun ta ƙarƙashinta ake ci, kamar a ƙwallon ƙafa. A zari-ruga kuwa turakun suna zarce ta can sama, ragar ta zama kamar harafin H, sandar tana mita 3, kuma sai ƙwallo ta bi ta samanta ake samun maki. Haka a zari-rugar Amurka, inda take ƙafa 10. 'Yan Ayalan suna da tasu ƙwallon ta gargajiya da ta haɗa biyun: ta sama ana samun maki, ta ƙasa cikin raga kuma maki 3. Don haka idan ka ga an rubuta cewa ƙwallo ta bi ta saman crossbar, ka fara duba wane wasa ne kafin ka ce an ɓarar. A wani wasan murna ake yi.

A gasar tsalle kuma, ko na tsallake sanda da ƙafa ko wanda ake dogara doguwar gora a wuntsila, sandar da ake tsallakewa ita ma crossbar ce, sai dai ba a ɗaure ta. Ɗora ta kawai ake yi a kan 'yan maƙalai don ta faɗo da zarar an taɓa ta, domin faɗuwarta ita ce shaida. Kada ka ce mata ƙarfe a nan, ba da ƙarfe ake yin ta yanzu ba, kuma mara nauyi ce. "Sanda" ta wadatar. Akwai wani abu da nake son gaya wa ɗalibai don su ji girman abin: Javier Sotomayor na Kuba ya tsallake mita 2.45 a Salamanca a 1993, kuma har yanzu ba a karya wannan bajintar ba. Ka je ka tsaya a ƙarƙashin ƙarfen saman raga ka ɗaga kai. Mutumin ya wuce gefensa na ƙasa da santimita ɗaya, da gudu da ƙafafunsa kawai. Daga wannan wasan ne Turanci ya samo maganar nan ta ɗaga sanda, da ake yi wa wanda ya yi abin da ya sa sauran dole su ƙara ƙoƙari. In ka same ta a rubutu kada ka kawo sanda cikin Hausarka, ka ce ya kafa tarihi, ko ya bar wa na baya aiki.

Yanzu keke. Ka dubi firam ɗin keke daga gefe, za ka ga bututu ɗaya ya tashi daga ƙarƙashin sirdi ya miƙe zuwa wuyan keken, ƙasa da inda ake riƙewa. Shi ne crossbar ɗin da ka gani a takardar. Masu ƙera kekuna sun fi kiransa bututun sama, amma a bakin mutane crossbar ne. Wannan fasalin na firam mai kusurwa uku biyu a manne ya zauna ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a Coventry a 1885 ya kori tsofaffin kekunan nan masu ƙatuwar ƙafar gaba. Bututun ba ado ba ne. Shi ke rufe kusurwa ukun, kusurwa uku kuwa ba ta lanƙwashewa sai wani gefenta ya karye. Kekunan da aka sauke musu shi ƙasa, waɗanda aka fara yi don mata masu dogayen riguna, sai an ƙara musu kaurin ƙarfe kafin su kai wancan ƙarfi, shi ya sa sukan fi nauyi. Yau dattawa da masu kai saƙo suna son su saboda sauƙin hawa da sauka.

Wanda duk aka taɓa goya shi a kan wannan ƙarfen yana yaro ba ya bukatar ƙamus. Ka zauna a karkace, ƙafafu biyu gefe ɗaya, hannayenka a tsakiyar abin riƙewa, hannayen mai tuƙi sun kewaye ka, numfashinsa a ƙeyarka. Minti biyar na farko daɗi, bayan nan cinya ta mutu, kowane rami kuma sai ka ji shi har ƙwaƙwalwa. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ba kuma yakan zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfen ya taka fedar ɗaya gefen, keken a karkace, shi ma a karkace, a haka yake koyo. A fassara ka ce "ƙarfen tsakiyar keke" ko "ƙarfen da ke tsakanin sirdi da wuya". Abu ɗaya za ka kula da shi a takardun masu sayarwa: sukan ba da tsayin wannan ƙarfen daga ƙasa, domin mai saye ya tabbatar zai iya tsayawa da ƙafa biyu a ƙasa, keken a tsakanin ƙafafunsa, da 'yar rata. Wanda ya taɓa zamewa daga sirdi ya sauka a kansa ya san amfanin ratar.

Zanen haruffa shi ne ya fi sauƙi. Rubuta babban A: layi biyu sun jingina da juna, na uku ya gitta tsakaninsu. Rubuta H: turaku biyu da sanda, ragar zari-ruga sak. Wannan layin na kwance shi ne crossbar. Ana kiran na cikin ƙaramin e da sunan, da wanda ya ratsa t da f, ko da yake wasu masu zane suna ware wa na t da f wani suna daban tunda su sanda ɗaya suka ratsa, ba biyu suka haɗa ba. Masu zanen haruffa suna ɓata lokaci sosai a kansa. Idan aka sa na H a tsakiya cif da awo, ido yakan gan shi kamar ya yi ƙasa, don haka sukan ɗaga shi kaɗan. Na A kuma sukan sauke shi ƙasa da tsakiya don kada ramin saman ya matse. Sukan kuma rage masa kauri a kan layukan tsaye, domin layin kwance yana yi wa ido kama da ya fi kauri. A wasu harsunan wannan ɗan layin harafi ne sukutum: mutanen Malta suna da Ħ, Kuroshiya da Biyetnam suna da Đ. Aikin da lanƙwasa ke yi mana a ɗ da ƙ da ɓ, shi layin ke yi musu. A ƙasashen Turai da yawa kuma ana gitta wa 7 layi a rubutun hannu don kada a ɗauke ta 1. A nan babu ƙarfe babu sanda, "layin kwance" ko "layin da ya gitta" za ka ce.

Akwai wata ma'anar da ba ka tambaya ba, amma za ta same ka ranar da aka ba ka rubutun sadarwa ko na kwamfuta. A nan kalmar ta ɗan karkata, domin sanduna ne da yawa suka gitta wa juna, wasu a kwance wasu a tsaye, kamar saƙar taga. A tsofaffin cibiyoyin tarho, layukan masu kira suna zuwa ta gefe ɗaya, na waɗanda ake kira ta ɗaya gefen, kuma a duk inda sanda ta gitta wa sanda akwai mahaɗa. Maganaɗisun lantarki ya motsa ta kwance ɗaya da ta tsaye ɗaya, mahaɗar da ke tsakaninsu ta rufe, mutum biyu su ji juna. Suwidin ta yi amfani da irin wannan tun shekarun 1920, kamfanin tarho na Bell a Amurka kuma ya buɗe babbar cibiyarsa ta farko mai wannan tsari a Brooklyn ta New York a 1938. Kyawunsa shi ne kowa na iya kaiwa ga kowa ba tare da ya tare wa wani hanya ba. Aibinsa lissafi ne: layi 10 da layi 10 mahaɗa 100, amma 1,000 da 1,000 mahaɗa miliyan ɗaya. Wannan ne ya sa Charles Clos, a ɗakin binciken Bell, ya fito a 1953 da dabarar jera ƙanana hawa-hawa maimakon ƙato guda. Sandunan ƙarfen sun daɗe da tafiya, amma sunan da tsarin suna nan a cikin na'urorin da ke rarraba saƙonnin intanet da cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda babu abin da ke motsi ko kaɗan. Ni nakan ce "mahaɗa mai saƙar gicciye", sannan in yi bayani a jimla ɗaya.

Sauran wuraren ba sa bukatar dogon zance. Sanduna biyun da ake gittawa a rufin mota don ɗaure kaya, crossbar ne. Katakon da ake gindayawa a bayan ƙofa mai ganye biyu, wanda aikinsa na sakata ne, haka. Wanda ya haɗa ƙafafun kujera ko na tebur don kada su baje, da na saman lilon yara, da ɗan ƙarfen da ya haɗa hannayen babur ɗin tsere a daji, wanda ake naɗe wa soso, duk sunan ke nan. Sandar kwance ta gicciye ma haka.

Sai gargaɗi guda, don na ga an faɗa ramin ba sau ɗaya ba. Akwai crowbar, wadda harafi kaɗan ya raba su, kuma a bakin mai saurin magana kusan ɗaya suke fita. Ita wannan ƙarfe ne mai lanƙwasasshen baki da ake ɓanɓare ƙusa ko ɓalle ƙofa da shi. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya fassara rahoton fashi, ya rubuta cewa ɓarayin sun ɓalle shagon da ƙarfen saman raga. Na tambaye shi su nawa suka ɗauko shi, da wace mota, sai ya sake duba takardar Turancin ya rufe baki da hannu.